Tseren Akwala A Amurka Da Wasan Mota A Titunanmu: Hujjar Da Ta Juyo Kan Masu Ita

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, dalilin wannan rubutu shi ne wata magana da ta shiga tsakaninmu da waɗansu samari a kwanakin baya. An ɗaura aure a wata unguwa, da la'asar sai abokan ango suka tare kwalta da motoci, suna juya sitiyari suna ƙona taya, hayaƙi ya turnuƙe, yara kuwa sun yi da'ira kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Da ƙura ta lafa muka ja waɗansu daga cikinsu gefe domin nasiha. Sai ɗaya ya zaro waya ya nuna mana hotunan waɗansu tsofaffin motoci da aka yi wa fenti iri-iri suna tsere a Amurka, ya ce: "Malam, ko a ƙasashen da suka ci gaba talakawa suna tsere da tsofaffin motoci, ana kuma ɗaukar hotonsu. Mu ne kawai duk abin da muka taɓa sai a ce haramun ne."

Ba mu yi masa tsawa ba, domin malaman usulu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa. Saboda haka muka koma muka bincika wannan tsere da ya kafa hujja da shi. Abin da muka tarar shi ne muke so mu shimfiɗa a nan, domin wallahi hujjar wannan yaro a kansa ta faɗo.

Mene ne wannan tseren?

Sunan gasar 24 Hours of Lemons. Wani ɗan jarida mai rubutu a kan motoci, Jay Lamm, shi ya ƙirƙiro ta a shekarar 2006, aka yi ta farko a filin tsere na Altamont da ke jihar Kalifoniya. Sunan kansa ba'a ce. A Faransa akwai babbar gasar awa ashirin da huɗu ta garin Le Mans, wadda aka soma tun 1923, inda manyan kamfanoni ke narka dukiya. Su kuwa Amurkawa idan mota ta zama akwala, kullum tana wurin bakanike, sukan kira ta lemun tsami. Sai aka haɗa sunayen biyu, ma'ana gasar akwaloli.

Babbar ƙa'idarta ita ce kada kuɗin sayen motar da gyaranta ya wuce dala 500. Kafin a soma akwai alƙalai da ke buɗe bonet su leƙa ƙarƙashi, idan suka ga alamar an kashe fiye da haka sai su ci tarar ƙungiyar, a zabge mata zagaye ɗaya a kan kowace dala 10 da ta hau. Galibin gasannin ba sa cika awa ashirin da huɗu a jere, raba su ake yi Asabar da Lahadi, direbobin kowace ƙungiya suna karɓa-karɓa. Wanda ya fi yawan zagaye shi ya ci. Kuɗin kyautar ba su taka kara sun karya ba, har an san masu gasar da biyan su da tarin kwabbai domin raha. Kyautar da suka fi girmamawa ma ita ce ta motar da kowa ya ɗauka ba za ta kai ko'ina ba, amma ta daure ta yi abin kirki.

Akwai irin wannan a ƙasashen Finlan da Suwidin, inda aka yi wata dabara ta hana gasar dukiya: bayan an gama tsere, duk mai lasisin gasar yana iya neman sayen motar wani a kan ƙayyadadden farashi, mai motar kuma ba shi da ikon ƙi, in ya ƙi a ƙwace lasisinsa. Wa zai zuba dukiyarsa a motar da ya san za a iya raba shi da ita yau da yamma a farashin gwanjo?

Abin da yaron bai gani a hoton ba

Yanzu ga inda maganar take. Wannan iyaka ta dala 500 ba ta shafi kayan tsare rai ba. Birki da taya da kujerar direba da ɗamararta da kayan kashe gobara duk an fitar da su daga lissafi, kashe abin da za ka kashe. Dole ne a kwashe kayan cikin motar a walda mata keji na bututun ƙarfe mai kauri, yadda ko ta wuntsila rufinta ba zai danne direba ba. Dole kujerar ta zama ta tsere, da ɗamara mai maɗauri biyar ko shida. Dole a sa makunni guda da zai kashe wutar motar baki ɗaya, a inda mai kai ɗauki zai iya isa gare shi daga waje. Shi kansa direba ba ya shiga sai da hular kwano mai shaidar inganci, da riga da safar hannu da takalmi waɗanda wuta ba ta saurin ci, da abin tallafe wuya. Motar da ta faɗi wannan bincike ba ta taka filin, ko daga wace uwa duniya aka jawo ta. Sau da yawa kuɗin waɗannan kaya sukan ninka kuɗin motar sau da dama.

Ka tsaya ka yi tunani a nan, ɗan'uwa. Mutanen nan sun sa wa ƙarfe iyaka, sun bar kuɗin tsare rai ba iyaka. Mu kuwa yaro zai ɗauko motar mahaifinsa ta miliyoyin naira, da silifas a ƙafarsa, ko bel bai ɗaura ba, abokansa uku sun zauna a kan taga rabin jikinsu a waje. Wa ya san darajar rai a cikin biyun nan?

Sa'an nan wurin da ake yin abin. Filin tsere rufaffe ne, hayarsa ake yi, kowa hanya ɗaya ya nufa. Ba mai tallan goro, ba ɗan acaɓa, ba ɗan makarantar allo da zai ƙetara. A kowace kwana akwai ma'aikaci riƙe da tuta. Idan ya ɗaga ruwan ɗorawa akwai haɗari a gaba, a rage gudu kuma ba a wuce kowa. Ja kuwa a tsaya. Baƙa, kai ake kira ka fito ka amsa laifinka. Motar asibiti da 'yan kwana-kwana suna tsaye tun daga farko har ƙarshe. Idan motoci biyu suka gogi juna, a ƙa'idarsu ba a tsayawa dogon musu a kan wa ya fara, duka biyun ake kira. Ƙungiyar da laifinta ya yawaita a ce ta naɗe kayanta. Ko zuba mai ba a yi sai da rigar wuta, wani kuma yana tsaye da tukunyar kashe gobara a hannu.

Waɗannan ƙa'idoji da jini aka rubuta su. A ranar 11 ga Yuni, 1955, a waccan gasa ta Le Mans, motar Mercedes ta Pierre Levegh ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka halaka nan take ko jim kaɗan bayan haka. Ƙasar Suwizalan ta hana tseren zagaye na motoci a ƙasarta shekaru da dama saboda wannan. A 1986 kuma, a tseren ƙasar Fotugal, inda jama'a suka saba cika bakin hanya suna matsowa domin kallo da hoto, mota ta ƙwace ta kutsa cikinsu, mutum uku suka mutu, gommai suka ji rauni. A shekarar ce aka yanke shawarar soke wannan rukuni na motocin baki ɗaya. Masu abin ke nan, da suka ga gawa sai suka ja da baya suka yi gyara. Mu gawa nawa muke jira?

Mai hoto da mai waya

Yaron nan hoto ya nuna mana, to bari mu yi maganar hoton. Mai ɗaukar hoto a filin tsere ba ya shiga kusa da hanya sai da izinin masu gasa, a sa masa rigar shaida, a nuna masa inda zai tsaya da inda ba zai taka ba. Bayan katanga ko shingen waya yake tsayawa, a waɗansu filayen ma akwai 'yan tagogi da aka yanka a jikin shingen domin a zura kyamara. Ana hore shi kada ya juya wa motoci baya, kada ya ƙetara hanya ana cikin gudu. Wannan hoto da ka ga kamar mai shi yana dab da taya, daga nesa aka jawo shi da dogon madubin kyamara. Wannan kuma da ka ga motar ta fito tsaf bayanta ya zama dishi-dishi kamar iska, dabara ce: yakan rage saurin ƙiftawar kyamara, ya bi motar da hannu daidai da gudunta. Gwani kan sa motar da ke tafiya a hankali ta fito kamar harsashi. Ashe har gudun da ya ruɗi yaronmu, rabinsa aikin mai hoto ne.

Dubi namu kuma. Ba shinge, ba nisa, domin waya ba ta jawo abu daga nesa da kyau, saboda haka sai yaro ya matso, wani ya matso ya fi shi, har da'irar ta tsuke. Idonsa a kan gilashin waya yake, bai ga inda bayan motar zai watso ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kafin ƙafar direba ta tashi daga totur ta kai birki ya riga ya shafe wannan tazara. Idan kuma gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata ya ninka huɗu. Lissafi ne da ba ya sauraron ɗan wane.

Mafi muni, a can tsere ake yi mai hoto ya zo ya ɗauka, da shi da babu shi za a yi. A nan kuwa domin wayar ake yin abin. A kwashe masu ɗauka a ga ko akwai yaron da zai je ya ƙone tayoyinsa shi kaɗai a daji. Kowane bidiyo da aka watsa a TikTok ko Instagram yana kiran na gaba ya yi abin da ya fi shi hauka, domin na jiya ya riga ya gundiri masu kallo. Saboda haka duk wanda ya ɗaga waya ya ɗauka, da wanda ya tura, da wanda ya yaba, da hannunsu a ciki. Idan kuma mota ta kwashe yaro, sai ka ga wayoyin nan ba su sauka ba, ana ɗaukar mutum cikin jini, tufafinsa a yage, mahaifiyarsa ta fara ganin ɗanta a wayar maƙwabciya. Wal'iyazu billahi.

Mun san saɓanin malamai a kan hoton kyamara. Shaihu Ibn Baz da Shaihu Albani sun hana hoton mai rai sai da larura. Shaihu Ibn Usaimin yana ganin hoton da na'ura ke ɗauka nan take bai shiga suranta abin da hadisai suka yi narko a kai ba, hukuncinsa yana bin manufar da aka ɗauke shi dominta. Tun kafin su, Muftin Masar Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i ya yi risala yana halatta shi. Hoton mota ita kaɗai kuwa ba mai rai ba ce, ba a yi jayayya a kansa ba. Amma ko wane ra'ayi mutum ya ɗauka, babu malami ɗaya da ya halatta hoton da ke zuga ganganci, ko wanda ke tona asirin wanda ya ji rauni. A kan wannan duka ɓangarorin sun haɗu.

Shin Musulunci ya hana tsere?

Ga waɗanda kuma suke gaggawar cewa tsere kowane iri wasan banza ne na Turawa, su ma muna da magana da su, domin su ne suke ba yaran nan ƙofar cewa komai haramun ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya shirya tseren dawaki a Madina. Waɗanda aka horar sun tashi daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, kimanin mil biyar ko shida. Waɗanda ba a horar ba sun tashi daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kimanin mil guda. Ibn Umar kansa yana cikin mahayan. Haka nan taguwar Annabi mai suna Adba'u, wadda ba a taɓa tsere mata ba, wani balaraben ƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abu Dawuda kuma ya ruwaito tseren ƙafa tsakaninsa da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Ibnul Ƙayyim ya wallafa littafi sukutum, Al-Furusiyya, a kan hukunce-hukuncen wannan babi.

Ka lura da tsarin: an san mafari, an san maƙura, an raba dawaki gwargwadon ƙarfinsu, akwai shugaba da ke tsaye a kai. Wanne ne ya fi kama da wannan, rufaffen fili mai alƙalai, ko shataletalen gari ranar ɗaurin aure?

Wannan ba ya nufin mun wanke gasar Amurka tas. Akwai abubuwa a cikinta da Musulmi ba zai yarda da su ba. Akwai shan barasa bayan an tashi, akwai cakuɗa da shigar banza da sunan raha, alƙalan binciken farashi ma sun mai da karɓar toshiya abin dariya, har sukan buga wa motar da ta ba su tambari. Ga kuma mas'alar kyauta. Jumhurun malamai sun taƙaita sa kuɗi a gasa ga dawaki da raƙuma da harbi, waɗansu irin su Ibn Taimiyya suka faɗaɗa zuwa abin da ke ƙarfafa addini, amma idan kyautar daga kuɗin da 'yan takara suka tara za ta fito, kowa yana tsakanin ci da asara, to wannan caca ce ko da an sake mata suna. Mu ba kira muke a kwaso wannan gasa a kawo ba. Cewa muke yi, wanda ya kafa hujja da ita ya bar mafi alherin abin da ke cikinta, wato tsare rai da ƙin almubazzaranci, ya ɗauko hayaƙi da ƙara kawai.

Hukuncin wasa a kan hanyar jama'a

Wannan bala'i ba a kanmu aka fara ba. A Saudiyya ana kiransa tafhiɗ, ya ci samari masu yawa, malamansu suka yi fatawar haramcinsa. A 2016 hukuma ta ɗaga tararsa zuwa riyal 20,000 a karon farko tare da tsare motar kwana 15, riyal 40,000 a karo na biyu, riyal 60,000 a na uku. Tun kafin nan, a 1993, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas a Burunai, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya jawo da sakacinsa.

Dalilan a fili suke. Hanya haƙƙin kowa ce, kawar da cuta daga kanta yana cikin rassan imani, to ina ga wanda ya mai da kansa cutar? Alƙur'ani ya hana mutum jefa kansa cikin halaka a aya ta 195 ta Suratul Baƙara, ya kuma danganta masu almubazzaranci da shaiɗanu a Suratul Isra'i. Tayoyi huɗu da za su yi shekara suna aiki a ƙone su a yammaci guda, a unguwar da wani bai ɗora tukunya ba. Wanda ya kashe rai bisa kuskure tsantsa ma, aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora masa diyya da kaffara, wadda a yau take komawa azumin wata biyu a jere. To yaya wanda ya ga taron yara da idonsa, ya kuma ƙure totur? Kada kowa ya ce mana ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba a kafa hujja da ita a kan laifi.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya a shekara, kuma nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a. Waɗannan mutane ne da suka fita neman abinci ko ziyara. Shin abin bai ishe mu ba, sai mun ƙara da na wasa?

Kiranmu

Ga iyaye, musamman masu hali: makullin mota amana ne. Wanda ya miƙa wa ɗansa alhali ya san abin da zai je ya yi, ya shirya amsa a gaban Allah. Kuma ku daina bin dare kuna karɓo yaro daga hannun hukuma bayan ya karya ɗan talaka, ku bar iyayensa da jinya a asibitin ƙashi.

Ga waliyyai da limamai masu ɗaura aure: a sanya shi sharaɗi tun wurin sa rana, a kuma faɗe shi a bainar jama'a bayan an shafa fatiha, cewa ba a yarda da wasan mota a wannan biki ba. Ango yana da ikon hana abokansa in ya so.

Ga hukuma: doka ta hau kan ɗan mai kuɗi kamar yadda take hawa kan ɗan acaɓa. Idan kuma ana ganin samari suna da sha'awar da ba za ta kau ba, to a keɓe musu fili a bayan gari, da shinge da bincike da motar asibiti, ba caca, ba kiɗa da cakuɗa, ba a shiga lokacin salla. Garejojinmu cike suke da yaran da za su iya tayar da injin da ya shekara goma a kwance. Wannan basira ita ce ainihin abin da waccan gasa take gwadawa, kuma muna da ita fiye da yadda muke zato.

Ga kai kuma mai waya: sauke ta. Kada ka je, in ka tarar ana yi ka janye ƙannenka ku wuce, in an turo maka ka goge. Ranar da mai wasan ya duba bai ga kowa yana ɗauka ba, ranar zai gane tayar kuɗi ce.

Shi kuwa ɗan'uwanmu da ya nuna mana hoton, muna gode masa, domin ya sa mun karanta abin da da ba mu karanta ba. Muna roƙonsa ya sake buɗe hoton nan ya duba da kyau: zai ga kejin ƙarfe ta cikin taga, zai ga hular kwano, zai ga shinge, kuma ba zai ga yaro ko ɗaya a bakin hanya ba.

Allah Ya shirye mu Ya shiryi zuriyarmu, Ya tsare mu daga ɗaukar haƙƙin rai, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta.